Ƙofa 8443 tana kai mutane rukunin da ba nasu ba, ku taimaka

Ɗan Tawa: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina cikin damuwa, maigida ya ce ranar Litinin yake son komai ya tashi. Wata ƙungiyar ƴan kasuwa ce nan Tawa, wanda ya kafa masu rezo ya bar aiki bai bar ko takarda ɗaya ba, ga kuran yana ɗaukewa, batirin ɗakin sabar ba ya riƙewa, ga maigida yana kira kowane lokaci. Adireshin IP ɗaya muke da shi na waje. Na sa HAProxy 2.4, manhajar da ke rarraba baƙi tsakanin sabobi, a kan Ubuntu 22.04 don ya raba lodi. Ina so wanda ya shigo ta ƙofa (wato port, lambar mashigar sabar) 443 ya je rukunin jama'a, wanda ya shigo ta 8443 ya je rukunin ma'aikata, kowane rukuni sabar biyu. Ga abin da na rubuta:

```
frontend shiga
  mode http
  bind *:443 ssl crt /etc/haproxy/shaida.pem
  bind *:8443 ssl crt /etc/haproxy/shaida.pem
  acl na_aiki dst_port 8443
  use_backend maaikata if na_aiki
  default_backend jamaa
```

Wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci 8443 ta buɗe shafin jama'a. Kuma ma'aikata suna kuka ana fitar da su daga asusunsu. Ina laifin yake?

Tsohon Hannu: Wa alaikumussalam. Ƙanena, laifin daga tushe yake. Ba a raba shafuka da lambar ƙofa yanzu, da suna ake rabawa. Buɗe ƙaramin suna na biyu a DNS, tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshin IP, ka nuna shi ga wannan IP ɗin, kowa ya shigo ta 443, ka raba da hdr(host). Ofisoshi da yawa katangar tsaron rezonsu 80 da 443 kaɗai take bari su fita, duk ma'aikacin da ke can ba zai taɓa isa 8443 ba. Fitar da mutane da ake yi kuwa kuki ne, ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane wanda ya shiga. Burauza ba ta bambanta kuki da lambar ƙofa, RFC 6265 ta 2011 ta faɗi haka ƙarara. In shafukan biyu PHP ne, dukansu kukin PHPSESSID suke rubutawa a sunan shafi ɗaya, wannan ya goge na wancan.

Ɗan Tawa: Na gode Malam, amma suna ba zai yiwu ba. Manhajar da ke wayoyin wakilanmu na ƙauyuka an ɗaure 8443 a cikinta, ba zan iya bin su ɗaya-ɗaya ba. Kuma tsarin ƙofa yana aiki, da idona na gani.

Na Bukoki: Rubutunka ba shi da kuskure a ido. Amma ni ban son ƙofofi biyu a frontend ɗaya. Raba su biyu, kowanne da bind nasa da default_backend nasa, ka huta da acl, kuma a rajista za ka ga sunan wanda ya karɓi kowace buƙata. Kafin ka sake lodawa ka gwada haproxy -c -f /etc/haproxy/haproxy.cfg, sannan ss -ltnp ka tabbatar 8443 tana saurare. Ka kuma nuna mana layukan server. In ba ka rubuta ƙofa a bayan adireshin sabar ba, HAProxy ƙofar da baƙo ya shigo da ita yake bi zuwa ciki. Abin da ke ba ni haushi ke nan, mutane su kwaso saiti a intanet su manna, rabi da ƙofa rabi babu.

Ƴar Yantala: Duk kun wuce tambaya ɗaya. Ɗan'uwa, lokacin da ya yi daidai, daga ina ka gwada? Lokacin da ya ƙi, daga ina? Kuma me ke tsakanin layin waje da HAProxy?

Ɗan Tawa: Cikin ofis yana yi, Malama. Da intanet ɗin waya ne yake ƙi. Akwai MikroTik a gaba, wato rutar da ke haɗa ofis da layin waje, amma ba shi ba ne, tun da can yana aikinsa lafiya.

Ƴar Yantala: Shi nake zargi. dst_port ba ya ganin lambar da mutum ya rubuta a burauza, ƙofar da haɗin ya sauka a kan na'urar HAProxy yake gani. In dokar dst-nat ta MikroTik, mai tura masu shigowa daga waje zuwa sabar ciki, ta ce dst-port=8443 amma to-ports=443, rutar ta sauya lambar kafin ta iso, acl ɗinka ba zai taɓa kamawa ba, sai default_backend ya kwashe kowa. Daga cikin ofis, in kai tsaye kake zuwa adireshin ciki, ba ka bi ta wannan dokar, shi ya sa kake ganin daidai. Gwajin mai sauƙi ne: a kan sabar ka buga tcpdump -ni any port 8443 don ka ga abin da ke shigowa ta wannan ƙofa, ka kashe wifi a wayarka ka shiga. In ba abin da ya fito, sake da port 443. In can ya fito, gyara to-ports ya zama 8443. Raba frontend biyu ba zai warkar da wannan ba.

Tsohon Hannu: Kun ga abin da nake faɗi? Da suna ne, da wannan rigima ba ta taso ba. Kuma masu haɗa manhaja su ɗaure ƙofa a ciki, su karɓi kuɗinsu su tafi, mu a bar mu da gyara.

Ɗan Tawa: Ba ni da kalmar sirrin MikroTik ɗin, wancan ya tafi da ita. Ba wata hanya daga ɓangaren HAProxy?

Na Bukoki: Akwai. Burauza tana aiko lambar a cikin Host, layin da ke ɗauke da sunan shafi a kowace buƙata, in ba 443 ba ce, ko da rutar ta sauya ƙofa. Ƙara acl na_aiki hdr_end(host) :8443, zai kama. Kada dai ka danna maɓallin mayar da rutar sabuwa, duk saitin layinku zai tafi.

Ƴar Yantala: Zai kama, amma Host baƙo ne ke rubuta shi. Kowa zai iya shigowa ta 443 ya liƙa :8443 da hannunsa ya isa rukunin ma'aikata. In ka yi niyyar taƙaita 8443 ga wasu adireshi nan gaba, wannan ya rushe ta. Ba a kuma san ko manhajar wayar tana aiko lambar ba sai an duba.

Tsohon Hannu: Faci kan faci. Ko ta wace hanya ka bi, matsalar kuki tana nan. Aƙalla sauya session.name a php.ini na rukuni ɗaya. Amma suna na biyu shi ne magani.

Ɗan Tawa: Ma'aikata duk suna da kalmar shiga, ban ga haɗarin Host ɗin ba. Zan gwada na Yaya Na Bukoki da daddare in kuran ya dawo. tcpdump ɗin ban yi ba tukuna.

Ƴar Yantala: Shi ya kamata ka fara yi. Turo mana abin da ya fito, da layukan server da aka tambaye ka.