Yadda cek yake aiki a Amurka

Sabon zuwa, Columbus: Salamu alaikum. Mai gidan da na kama ya ce da cek kawai yake karɓar haya. Don Allah manya, a haska mini hanya.

Dattijo, Bronx: Wa alaikumus salam, ɗana. Duba gindin takardar. Lambobi 9 na hagu na banki ne, sai lambar asusunka, sai lambar cek ɗin. Kuɗin sau biyu ake rubuta shi, da alƙaluma a cikin akwati, da kalmomi a kan layi. In suka saɓa, doka tana ɗaukar kalmomin ne. Ka ja layi a sauran gurbin don kada a ƙara maka wani abu. Kwanan wata kuwa, a nan wata ake fara sawa: 3/4 na nufin 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba kamar a gida.

Hajiya, Houston: Ƙanena, kada ka sa kwanan wata na gaba kana jiran albashi ya shigo. Banki zai iya biya tun ranar da aka kai shi. In asusu ba kuɗi, cek ya dawo, mai gida ya ɗora maka tara, wani bankin ma ya cire tasa. Bayan wata 6 daga kwanan watan da ke kan cek ɗin kuma, banki na da ikon ƙin biya.

Malam, Chicago: Ni inda na fi jin tsoro shi ne cek ɗin da aka ba ka. Ka sa hannu a baya, ka rubuta "For mobile deposit only" in da waya za ka ɗauki hotonsa don saka shi a asusunka. Galibi dala 275 na farko washegarin ranar aiki suke fitowa, saura daga baya. To amma ganin kuɗi a asusu ba ya nufin cek ɗin na gaske ne. Na bogi kan ɗauki makonni kafin asirinsa ya tonu. Nan 'yan damfara suke shiga: su aiko da cek ɗin da ya haura kuɗin kayanka, su ce ka mayar musu da rarar. Ka tura, cek ya dawo, banki ya kwashe kuɗinsa daga asusunka. Wallahi mutanenmu da yawa sun yi kuka a kan wannan.

Hajiya, Houston: Gaskiya ne, Malam. Akwai kuma masu satar cek daga akwatin wasiƙa, su wanke rubutun da sinadari su canza suna da kuɗi. A rubuta da baƙin biro mai tawadar jel, a miƙa ambulan a cikin gidan waya.