KASU, ABU ko BUK? 'Yata ta kafe sai kimiyyar siyasa, ku ba ni shawara

Maman Huɗu: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin wannan. Babbar 'yata ce ta gama sakandare bana, shekararta 17, ta ci 231 a JAMB, WAEC ɗinta ma ya fito lafiya har da lissafi da turanci. Tun tana aji huɗu babu abin da take so sai kimiyyar siyasa, irin yaran nan ne da ke ƙwace rediyon uba in an fara shirin siyasa da daddare. ABU ta Zariya (Jami'ar Ahmadu Bello) ta cike, amma babanta ya ce a canza a mayar KASU, jami'ar jihar Kaduna, tunda muna Unguwar Dosa ta riƙa zuwa daga gida, shi bai ga dalilin kai 'ya mace Zariya ba. Ƙanwata kuma da ke aure a Rijiyar Zaki ta ce a kawo ta BUK (Jami'ar Bayero ta Kano) ta zauna wajenta. Albashi ɗaya ne a gidan, ni ɗinki nake ɗan taɓawa, ga ƙannenta uku a baya. Cikin ukun nan wanne ya fi ta wajen karatun kansa da kuma kuɗi? Dan Allah kar a ce mu canza mata kos, mun riga mun sha wannan rigimar a gida mun gama.

Antin Barnawa: Wa alaikumussalam. Hajiya ki kai ta makarantar koyon jinya kawai, 'ya mace ba abin da ya fi mata aikin asibiti, kafin ta gama aiki na jiranta.

Maman Huɗu: Anti ba sayans ta yi ba ai, Gwamnati da Tattalin Arziki da Adabi ta zana.

Ɗan Kawo: Wai siyasa ma sai an je jami'a? Ku kawo ta teburin mai shayinmu na bakin tasha, sati biyu mu yaye ta har da satifiket. Akwai wani dattijo a wajen da ya san wanda zai ci zaɓen 2027 tun bara.

Tsohon Ɗan Samaru: Hajiya, in dai karatun ake so to Zariya, babu wani dogon zance. Jami'ar da aka kafa tun 1962 ba za a haɗa ta da KASU da aka kafa 2004 zamanin Makarfi ba, ba wai raini ba, shekaru ne. Ni a can na yi nawa, kuma abin da ya gina mu ba lakca kaɗai ba ce, muhawara ce. Marigayi Dr. Bala Usman a sashen Tarihi yake amma in zai yi magana mu 'yan kimiyyar siyasa mu ke fara cika ɗakin, wasu a taga suke tsayawa. Daga nan sai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ka shiga da safe sai yunwa ta fito da kai. Ka zauna ɗaki ɗaya da Bayarabe da Tibi da ɗan Borno, wannan ma rabin kimiyyar siyasar ke nan. Yarinyar da za ta riƙa komawa gida kullum ana aikenta cefane ba za ta samu wannan ba. Kuma ki lura, kimiyyar siyasa a harabar ABU ta Samaru take, harkar gudanar da mulki da shari'a su ne a harabar Kongo, kar a cike mata wani ana zaton wani ne.

Ɗalibar Aji Uku: Baba da girmanka, amma Bala Usman ya rasu tun 2005, a lokacin ko haihuwar wannan yarinyar ba a yi ba. Ku kun yi karatu lokacin da ake cin kaza da tikiti, yanzu duk wata babbar jami'ar gwamnati ka je aji ɗaya sai ka ga ɗaruruwa, na baya ko muryar malami ba ya ji. Ni daga gida nake zuwa kuma wlh ban ga abin da na rasa ba, na ci abincin gidanmu na kwanta a gadona. Littattafan da kuke layi a kansu yanzu suna cikin waya. In ma takardun tarihin siyasar Arewa take so ga Arewa House nan kan titin Rabah, gidan Sardauna, ta hau keke ta je.

Tsohon Ɗan Samaru: 'Yata, Arewa House ɗin da kike faɗa ta wace jami'a ce? Ki bincika ki dawo.

Ɗan Kawo: Kai Baba ya yi ƙasa da ita da hannu ɗaya, ai ta ABU ce.

Baban Rigasa: Ku bar maganar tarihi, mata ta ce albashi ɗaya ne. KASU da aka yi ƙarin nan na 2021 kuɗi ya kai dubu 150, Uba Sani da ya hau a 2023 ya rage kashi 30 ya dawo dubu 105. To ki ɗora kuɗin keke, daga Unguwar Dosa zuwa titin Tafawa Balewa ai nan da nan ne, 500 ta ishe ta zuwa da dawowa.

Antin Barnawa: 500 a wace Kadunar? Tun da aka cire tallafin mai rabon da in ga haka, ɗana 1,200 nake ba shi kullum kuma yana ƙorafi.

Baban Rigasa: Anti ke daga Barnawa sai an tsallaka gada, ita kuwa tana arewa. Kuma ki binciki ɗan naki, ƙila da kuɗin awara a ciki.

Ɗalibar Aji Uku: Dubu 105 ɗin ma kuɗin makaranta ne zalla fa, sabon ɗalibi ko wace jami'a ce akwai na karɓar gurbi da gwajin asibiti da hotuna da su fotokwafi, ki ware wani abu a gefe.

Mai POS: Ni dai na so in yi shiru amma zuciyata ta ƙi. Hajiya ni kimiyyar siyasar na karanta, ba zan faɗi sunan makarantar ba dan ba ita kaɗai ba ce. Na shiga da shekara 20 ina ganin 24 na fito. Yajin aikin 2020 ya haɗu da korona ya ci mana kusan shekara, muka koma, na 2022 ya zo daga Fabrairu har Oktoba wata takwas cif ina zaune a shagon yayana ina auna shinkafa. Wannan duk da sauƙi, kowa ya sha. Abin da ya karya ni shi ne a ajin ƙarshe aka liƙa sakamako na ga babu makina a wani kos na aji biyu, kos ɗin da na zauna na rubuta, har yau ina tuna kujerar da na zauna kusa da taga da fankar da ba ta juyawa. Aka ce in kawo shaidar na shiga jarrabawar, na kawo katina da sa hannun mai tsaro a jiki, aka ce takardar sa hannun ce ake nema ba kati ba, ita kuma tana cikin wani kwali a wani ofis da mai makullinsa ya tafi ƙaro karatu. Na yi zuwa ya fi goma sha, kowane zuwa kuɗin mota da na kwana, mahaifiyata har akuyarta ta sayar a kan wannan sintirin. Ƙarshe aka ce mafi sauƙi in sake rubutawa, shekara guda cur a kan kos ɗaya mai maki biyu, abokaina suna turo hotuna da kakin bautar ƙasa. Na gama na yi bautar ƙasar a wata sakandare ina koyar da Gwamnati, yara na so na, na ce to ko koyarwar ce ma, aka ce sai na yi difilomar koyarwa ta PGDE na yi rajista da hukumar malamai ta TRCN tukun. Yanzu ga ni a ƙarƙashin lema a Kasuwar Barci, in an zo cire dubu biyar in ɗauki ɗari. Jiya wani ya tsaya muna gardamar tsarin firaminista da na shugaban ƙasa na yi masa bayani tiryan-tiryan tun daga jamhuriya ta farko har tsarin mulkin 1979, ya ce kai malam me kake yi a nan. Na ce masa netwok nake jira. To ni dai ban ce kar ta yi ba, amma duk inda za ku kai ta ku kai ta inda in takardarta ta ɓata za ki iya yafa mayafi ki je da ƙafarki washegari.

Antin Barnawa: Innalillahi. Allah Ya kawo maka mafita ɗana. Kun ji abin da nake faɗa ko, da jinya ya yi...

Mai POS: Amin Anti, amma ni jini nake gani in faɗi.

Malam Na Tudun Wada: Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Sai dai labarinka na ɓatan sakamako ne ba na kos ba, mai karanta injiniya ma yana faruwa da shi. Ni ina koyarwa a sakandare shekara 19 kuma ni ke cike wa ɗalibaina fom, bari in ba Hajiya amsar abin da ta tambaya tunda kowa ya kama gabansa. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 cancanta, 35 jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 jihohin da aka bari a baya a boko, to 'yar Kaduna tana da ƙofa fiye da ɗaya a ABU. Amma irin waɗannan kwasa-kwasan mutane ne ke ruguwa kansu, 231 maki ne mai kyau ba mai sa a kwanta barci ba, sai ta dage a jarrabawar tantancewa. BUK kuma kar a raina ta a wannan fannin, Farfesa Attahiru Jega daga sashen ya fito, ya shugabanci jami'ar kafin ya riƙe hukumar zaɓe ta INEC daga 2010 zuwa 2015, ga gidan Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja da suka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Kuma Rijiyar Zaki ba nisa da sabon mazaunin jami'ar, hanyar Gwarzo ce duka. Ni da 'yata ce Kano zan duba.

Hajiyar Malali: Malam kai namiji ne shi ya sa. Zaman gidan 'yan uwa shekara huɗu ba wasa ba ne, ni na yi shi, wata na farko kina baƙuwa na biyu kin zama mai wanke-wanke da rainon yara, ranar jarrabawa a ce ki tsaya ki sauke tuwo. Gara hostel sau dubu ko da su takwas ne a ɗaki, ko ba komai zumunci ya tsira.

Maman Huɗu: Hajiya ƙanwata ce fa uwa ɗaya uba ɗaya.

Hajiyar Malali: Nima yayar babana ce.

Baban Rigasa: Zariyar ma in ba ta samu gado a hostel ɗin Amina ko Ribadu ba sai haya a Samaru, wani abokina dubu 180 ya kama wa 'yarsa ɗaki.

Tsohon Ɗan Samaru: An cuce shi, jikana dubu 90 yake biya.

Ɗalibar Aji Uku: Baba ka tambaye shi su nawa ne a ɗakin kuma ina ban ɗakin yake. Sannan akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara 2024, suna biyan kuɗin makaranta su ba ɗalibi dubu 20 a wata, babu ruwa a ciki, ta nema in ta shiga.

Ɗan Kawo: Ta fara siyasa da cin bashi ke nan, lallai gwamna za ta zama.

Mai POS: Bashin da sai ka samu aiki za ka biya, to ni da na ci da har yanzu suna jira. Wata uku da suka wuce wani ya kira ni wai akwai gurbi a wata hukumar tarayya, miliyan biyu da rabi, a ba da rabi yanzu rabi in takarda ta fito. Na ce masa da ina da miliyan biyu da rabi ai da ni ke ɗaukar mutane aiki.

Baban Rigasa: Kai an ma yi maka sauƙi, ƙanin matata miliyan huɗu aka ce masa, ya sayar da filinsa na gado ya bayar, aka ba shi takarda mai tambari da komai ya ɗinka sabon yadi ya tafi Abuja, a bakin geti aka ce ba su san da ita ba. Mutumin kuma a masallaci ɗaya suke sallah har gobe.

Malam Na Tudun Wada: To ai mai bayarwa da mai karɓa duk ɗaya ne, da kowa ya ƙi saye wa za a sayar wa?

Mai POS: Malam kai kana da albashi shekara 19, ka bar mu da muke cikin rana mu yi maganar zafinta.

Malam Na Tudun Wada: Albashin da ba ya kai 15 ga wata? Ka zo mu yi musanya in karɓi lemar.

Maman Huɗu: Jama'a na gode ƙwarai amma har yanzu ban san me zan ce wa babanta ba, jibi ya ce zai je wajen masu kwamfuta a canza. Ita kuma yarinyar na ba ta wayar ta karanta duka, abin da ta ce kawai wai a tambayi Mai POS wane littafi ya karanta a kan jamhuriya ta farko.

Antin Barnawa: Baban Rigasa shi ƙanin matar taka bai kai ƙara ba? Dan akwai wani da ya yi wa ɗan maƙwabciyata irin haka sak, in siffanta maka shi ko shi ne, wani dogo mai tabon sallah yana yawo da jakar takardu.