Shuka ko dashe? Neman sunan Hausa ga aikin fara sababbin ikilisiyoyi

Salama, 'yan'uwa masu hidima da Hausa a Kumasi da kewaye. Akwai kalmar da nake so mu tsayar da magana a kanta, wato abin da Turawa ke kira church planting. Takardun horar da masu bishara da Turanci suke zuwa mana, kowane tafinta kuma da yadda yake juya ta. A zama ɗaya sai ka ji "buɗe coci", ka ji "gina coci", can wani ya ce "shuka coci". Ɗan'uwan da ya gangaro daga Bawku ko Bolga, wanda Hausa ce ta haɗa mu da shi, sai ya tashi da zaton maganar bulo da kwanon rufi ake yi, alhali ko fili ba a saya ba.

Ga aikin da muke nema wa suna. Ikilisiya ta ware mutane kaɗan, ta aike su unguwa ko ƙauyen da babu taron masu bi, ko akwai amma ba da harshen da mutanen wurin ke ji ba. Su zauna can, su yi wa'azi, su koyar, a yi baftisma, har taron ya sami dattawansa ya tsaya da ƙafarsa. Bishara ce, amma ba irin wa'azin fili ba, wanda ake kwashe lasifika a tafi bayan an yi amin.

Rabin kalmar na biyu ba shi da wuya: ikilisiya za mu ce, ba coci ba. A bakinmu coci gini ne, shi ake yi wa fenti, shi ake kullewa da kwaɗo. Majami'a ma wuri ce, kuma a Sabon Alkawari da ita ake kiran ɗakin taron Yahudawa. Ikilisiya kuwa jama'a ce. A Romawa 16 Bulus ya gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Akila da matarsa, ba gini ba hasumiya. Haka ma 'yan'uwanmu da ke aron ajin makaranta ran Lahadi a Aboabo ko Moshie Zongo, ikilisiya ce cikakkiya. Maƙwabtanmu Tonawa sun raba abin tuntuni, ɗakin su ce asɔredan, mutanen su ce asafo. Kalmar kuma ba baƙuwa ba ce ga mai karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke tun 1932, kuma tana cikin sunaye irin su EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) da TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya).

Gardamar tana kan rabin farko.

"Gina" ta fita, don za ta mai da mu kan bulo. "Buɗe reshe" ita ma ta fita, don reshe ba ya rayuwa in an raba shi da uwar, mu kuwa abin da zai rayu da kansa muke nufi.

"Kafa" tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Da ita muke cewa an kafa gari, an kafa zango, an kafa makaranta. Bulus da kansa a 1 Korintiyawa 3 ya kwatanta kansa da maginin da ya sa harsashi. Abin da ya hana ni tsayawa a kanta shi ne ba ta bambanta mai gaskiya da mai ɓallewa. Wanda ya yi faɗa da fastonsa, ya janye rabin jama'a, ya kama ɗaki a layi na gaba, shi ma cewa ake "ya kafa nasa". Duk mun san irin wannan a garin nan, kuma yana ba ni baƙin ciki, don ko mutum ɗaya bai ƙaru ba, rabuwa kawai aka yi. Bai kamata sunan aikin bishara ya zama rigar da wannan ma zai saka ba. Ban da haka, kafa tana nuna rana ɗaya, ranar da aka aza. Ba ta ɗauke da shekarun reno da ke biye.

Saura biyu, shuka da dasa. Turanci da kalma ɗaya yake rufe su duka, Hausa kuwa ta tilasta mana zaɓe, kuma a nan na ga ta fi shi gani. Shuka ƙwaya ake yi: gero, dawa, masara, a binne a jira ruwa. Dashe kuwa sai abin da ya riga ya tsiro. Duk wanda ya yi lambun albasa ko tumatir a bakin dam ya san aikin: a yayyafa iri a ɗan fili, a rene shi, in ya yi ƙwari a cire shi da saiwarsa a kai shi inda zai zauna. Kwanakin farko yakan yi yaushi, dole a bi shi da ban ruwa safe da yamma har ya kama ƙasa.

To me ake shukawa a aikinmu? Maganar Allah. Ita ce iri, kamar yadda misalin mai shuka ya nuna a Luka 8. Ikilisiya ba ƙwaya ba ce, mutane ne masu rai da aka rena a wani wuri aka kai su wani. Ikilisiyar Antakiya sai da ta koyu, sannan ta keɓe Barnaba da Shawulu ta sallame su, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 13. Su kuma ba su bar garuruwan haka ba, sai da suka koma suka naɗa dattawa a kowace ikilisiya.

Tarihin ƙasar nan ma ya ba da shaida. 'Yan mishan na Basel sun sauka Osu a 1828, ciwo ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Andreas Riis, wanda ya biyo bayansu a 1832 ya kuma tsira, ya hau Akropong a 1835, ya yi shekaru ba wanda ya karɓi baftisma. Abin bai kama ba sai da aka kawo Kiristoci baƙar fata fiye da ashirin daga Jamaika da Antigua a 1843, iyalai da 'ya'yansu, suka zauna cikin mutanen Akuapem suna noma, suna koyarwa, suna sujada a gaban idon kowa. Daga nan Presbyterian ta Ghana ta yi saiwa. Wannan in ba dashe ba, mene ne?

Don haka shawarata: dashen ikilisiya.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Baba, dattijonmu na Asawase, na ji maganarka, kuma ita ce mafi nauyi cikin duk abin da aka faɗa. Ka ce kunnen Bahaushen yau ya saba jin "dasa" a labaran rediyo tare da bam, kuma in an ce "an dasa wane a cikinmu", ɗan leƙen asiri ake nufi. A zangon da yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, muke cin kasuwa ɗaya, muke zuwa sunan juna da jana'izar juna, ba ma son kalmar da za ta sa a ji kamar wani abu ake ƙullawa a ɓoye. Gaskiyarka, Baba. Amma ka saurari sunan, ba aikatau ba. In aka ce "dashe", abin da ke zuwa zuciya dashen itatuwa ne, ko dashen shinkafa, ko dashen ƙoda a asibiti, duk abubuwan rayarwa. Shi ya sa na ce mu riƙe "dashen ikilisiya" a matsayin sunan aikin a aji da cikin takardu. In kuwa an je gaisuwa wurin sarkin zango ko mai unguwa don sanar da shi, a faɗa masa a fili: muna so mu fara taron sujada a gidan wane, ran kaza, da harshen kaza. Ai ko manomi ba ya dashe a gonar da bai nemi izini ba.

Inna daga ƙungiyar zumuntar mata ta tambaya: inda babu mai bi ko ɗaya fa, me aka dasa? Inna, mai bisharar da iyalinsa su ne dashen farko. Wata ikilisiya ce ta rene su ta aiko. Su sai su yi shukar Magana a wurin. Kalmomin biyu ba kishiyoyi ba ne, kowacce da gurbinta.

Ɗan'uwa daga Nima ta Ankara ya kawo "haihuwar ikilisiya". Tana da daɗi, har ta ba mu "uwar ikilisiya" ga wadda ta aika, wannan kam mu karɓa. Amma ba za ka ce da mutum aikinsa haihuwar ikilisiya ba, jama'a za su yi dariya kafin ka kai aya.

Wani kuma ya tambayi yaushe za a ce dashen ya kama. Henry Venn, sakataren CMS (ƙungiyar mishan ta Anglican a Ingila) a ƙarni na 19, da Rufus Anderson na Amurka sun ba da ma'auni uku da har yau ake koyarwa: ta ɗauki nauyin kanta, ta shugabanci kanta, ta kai bishara gaba da kanta. Ni zan ƙara da harshe. Taron Kusasawa ko Farafara da har yanzu ba ya addu'a sai da tafinta, da sauransa tukuna, ko da baikonsa ya isa biyan haya.

Mai aikin kuma "mai dashen ikilisiya" ya ishe shi. An kawo "madashi", amma kunne bai san ta ba, sai an tsaya bayani. A takardar horon da ke hannunmu haka zan sa: darasin dashen ikilisiya, uwar ikilisiya, sabon dashe, mai dashen ikilisiya. Masu fassara a bakin bagadi ran Lahadi mai zuwa, ku gwada su da ƙarfi a gaban jama'a, ku dubi fuskokin iyayenmu mata na layin gaba, ku kawo mana abin da suka ce.