Wane suna za mu ba "land banking" da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Matasan dillalan filaye na gefen Dutse da Wudil sun ɗauko wata kalma suna yi wa 'yan fansho da 'yan kasuwa talla da ita: land banking. Nufinsu ka sayi gona a bakin gari, ba noma ba gini, ka zauna jiran gari ya iso ta. Duk wanda ya riƙe gona kusa da Dutse kafin 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jigawa garin ya zama hedikwata, ya ci ribar wannan sana'a tun ba ta da suna. Da jami'ar tarayya ta zo a 2011 aka sake wani zagayen. To, suna muke nema.

"Bankin ƙasa" kam a jefar da shi tun yanzu. Ka faɗa wa dattijo a Gaya haka, zai zaci waɗanda suka canja mana takardun naira kake nufi.

Wani malami ya kawo "ihtikari". Allah ya gafarta malam, ta fuskar fiƙihu ka yi daidai: a mazhabar Malikiyya, mai riƙe haja yana jiran kasuwa sai ya sayar yake fitar da zakka, ta shekara guda. Sai dai a kunnen mutanenmu kalmar ta riga ta zama ta masu ɓoye hatsi lokacin tsada, ba dillalin da zai yarda a kira shi da ita.

"Ajiyar fili" ta fi samun masu so, kuma da ita nake rigima. Ajiya sai ka kulle ka tafi, fili kuwa ba ya yarda da haka. Ka bar shi damina biyu ba ka leƙa ba, maƙwabci ya ci kunya uku daga iyakarka, turakun da aka kafa sun yi tafiya, wani daga cikin magada ya dawo daga Legas ya ce ba da saninsa aka sayar ba. Ga kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. In aka karɓi wurin don hanya ko makaranta, abin da ka gina ko ka shuka ake lissafa wa diyya, ba tsadar da kake mafarki ba.

Shi ya sa na tsaya kan "kiwon fili". Mai kiwo ba ya nisa da abinsa: ya yi shinge, ya dasa darbejiya ko mangwaro a kusurwoyi, ya ba wani aro ya noma gero don a ga wurin da mai shi, ya riƙe takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu, sannan ya bi ta hukuma.

An ce mini akuya na haihuwa, fili ba ya haihuwa. Haka ne, kuma gara mai saye ya ji wannan tun daga sunan. Wanda ke son abin cefane duk wata, layinsa shaguna ko ɗakunan haya na ɗalibai ne. Kiwon fili na mai kuɗin da ba zai nema ba nan da shekaru.

Wanda kuma ke sayen gona yau, gobe ya yanka ta awon igiya ya sayar, kar a wahalar da mu neman masa sabon suna. Sari yake yi.