Wane suna za mu raɗa wa "character actress" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe. Akwai kalmar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in shimfiɗa ta a gabanku mu yi mata suna.

Abin ya tsaya mini a rai tun ranar da Allah ya yi wa Saratu Gidado, wato Daso, rasuwa a Kano, 9 ga Afrilu 2024, ana jajibirin ƙaramar sallah. Duk inda na duba a ranar, abu ɗaya ake rubutawa: fitacciyar jarumar Kannywood ta rasu. Ba ƙarya aka yi ba. Sai dai kuma da wannan kalmar muke kiran yarinyar da ta shiga fim shekaran jiya, da ita muke kiran wadda ake rera wa waƙar soyayya a lambu. Aikin Daso daban yake. Ba a kanta ake gina labari ba, ba ita ake ɗaura wa aure a ƙarshe ba. Ita ce uwar mijin da ta hana ruwa gudu, ita ce kishiyar da ba a kwana lafiya da ita. Ina tuna gwaggona, da zarar Daso ta fito sai ta hau tsaki tana faɗa da akwatin talabijin, amma ko tuwo na ƙonewa ba ta tashi sai an gama wannan fitowar. Allah ya jiƙan Daso, ya sa ta huta.

Irin wannan 'yar wasa Turawa ke kira "character actress". Sana'arta ita ce fitowa a matsayin mutanen da halinsu ya fita daban: masifaffiya, marowaciya, magulmaciya, dillaliya, ungozoma, tsohuwar da ba a yi mata ƙarya, 'yar aikin da ta fi uwar ɗakinta sanin sirrin gidan. Mai shirya fim ba kyan fuska yake nema a wurinta ba. So yake mai kallo ya ce wallahi akwai irinta a layinmu. Sau da yawa ma za ka gane fuskarta a fim ashirin, sunanta kuwa ba ka riƙe ba.

Sana'a ce mai zaman kanta, da manyanta. A Amurka an yi Thelma Ritter, 'yar Brooklyn, wadda ta fara fitowa a fim a 1947 tana da shekara 45, fitowar da ko sunanta ba a rubuta ba. Daga nan ta yi ta fitowa a 'yar aiki, nas, uwa mai kaifin baki, har aka sa sunanta a takarar Oscar, babbar lambar yabo ta finafinan Amurka, sau shida, ba ta ci ko ɗaya ba har ta bar duniya a 1969. A dandamali kuwa ta ci lambar Tony a 1958. A zamaninmu akwai Margo Martindale, 'yar Texas, wadda ta shafe shekaru tana ƙananan fitowa a dandamali da fim kafin ta ci Emmy, lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin, karo na farko a 2011, tana da shekara 60, ta kuma ƙara biyu a bayanta.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya ba sai an kai mu nesa ba. Nirupa Roy, uwar Amitabh Bachchan mai hawaye a fim bayan fim, duk mun san ta. Lalita Pawar ma mun san fuskarta, muguwar suruka mai ido ɗaya a kanne. Abin da da yawa ba su sani ba, ita ma da fari babbar jaruma ce. A 1942 ana cikin ɗaukar wani fim abokin wasanta ya mare ta mari mai ƙarfi, jijiyar idonta na hagu ta samu matsala, ta daɗe tana jinya. Da ta dawo, hanyar zama tauraruwa ta toshe, sai ta rungumi fitowar uwa da suruka, a nan kuma sunanta ya kafu. A Kudancin Najeriya, ka ce Patience Ozokwor, mai fitowa a muguwar uwa ko suruka, kowa ya san me kake nufi.

To, me za mu ce da Hausa? Na tattara abin da na ji a bakin mutane, ga inda kowanne ya ba ni matsala.

Wanda ya fi yawo shi ne mataimakiyar jaruma. Wannan yana da gurbinsa, a bar shi a can. Magana ce ta girman rawa: wa ke jan labari, wa ke dafa masa. A 1937 aka fara bayar da Oscar a wannan rukunin. Kalmar da muke nema kuwa magana ce ta irin rawar, ko babba ce ko ƙarama. Ƙawar amarya kyakkyawa da ke rakiyar jaruma mataimakiya ce, amma babu wani hali da aka ɗora mata. Frances McDormand kuma, wadda ake lissafawa cikin masu wannan sana'a, sau uku tana cin Oscar a rukunin babbar jaruma. Ashe ana iya jan fim gaba ɗaya da irin wannan wasa. Idan muka haɗa su a suna guda, mun rasa hanyar faɗin wannan bambanci.

'Yar rakiya, na ƙi shi tun daga bakin ƙofa. Raini ne. Wadda ake tuna maganarta shekara goma bayan an manta da sunan fim ɗin ba rakiya ta zo ba.

Akwai masu cewa ai mun riga mun gama, tunda a masana'antar ana cewa iyaye ko dattawa. Girmamawa ce mai kyau, ni ma ina faɗa, kuma ta dace da irin su marigayiya Zainab Booth da marigayiya Binta Ƙofar Soro, Allah ya gafarta musu. Amma shekaru take nunawa. Yarinya 'yar ashirin da biyar da ta ƙware a fitowar 'yar talla mai rashin kunya ko 'yar aiki mai kai gulma, sana'ar nan take yi, kuma ba wanda zai kira ta uwa.

Wata ƙanwata ta kawo hawainiya, saboda rikiɗa. Na ji daɗin hoton, ƙanwata, sai dai ki ce wa mace hawainiya a Kano ko Katsina ki ga ko za ta gode miki. A kunnen Bahaushe mai fuska biyu ke nan. Ban da haka, da yawa daga cikinsu ba rikiɗar suke yi ba, hali ɗaya suke riƙewa su yi ta zurfafa shi tsawon rayuwa.

Gishirin fim ne ya fi jan hankalina, har na kwana biyu ina juya shi. Gaskiya ne, miya ba ta daɗi sai da su. Abu biyu suka sa na ajiye. Na farko, kirari ne, kuma kirari ba ya shiga takardar kwangila ko rukunin gasa. Na biyu, a Hausa idan aka ce an sa gishiri a magana, an yi ƙari ke nan, alhali babban abin da ke ɓata wannan wasa shi ne wuce gona da iri. Gwanarsa ta san inda za ta tsaya, harara ɗaya ta ishe ta.

Aron hali ma an ambata. Kowane ɗan wasa aro yake yi, har da jarumin, don haka bai ware kowa ba. Ga shi kuma mun ce zanen aro ba ya rufe katara, sai sunan ya zo da ƙamshin gazawa.

Abin da ke rikita masu fassara shi ne kalmar Turancin tana da fuska biyu. Tana nufin mutumin cikin labari, wanda a darasin adabi muke kira tauraro, babban tauraro da ƙananan taurari. Tana kuma nufin ɗabi'ar mutum. Wanda ya bi ta farko zai ƙare da jarumar tauraro, maganar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ta biyun ce ake nufi a nan. Da na bi salsalar kalmar, sai na tarar daga Girkanci ta fito, inda asalinta ke nufin abin buga tambari, ko zanen da aka sassaƙa a jikin abu mai tauri kamar kuɗin ƙarfe. Tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani malamin Girka, Theophrastus, ya zayyana mutum talatin kowa da halinsa, da marowaci, da mai fadanci, da sarkin surutu. Su sun kira ɗabi'a zanen da aka sassaƙa, mu kuma kakanninmu, ba tare da sun ji daga gare su ba, suka ce hali zanen dutse. Da na ga haka sai na daina neman wata kalma.

Shawarata ita ce 'yar wasan hali. Namiji ɗan wasan hali, jam'i 'yan wasan hali, sana'ar kuma wasan hali.

Ginin ba baƙo ba ne a baki. Muna da 'yar wasan kwaikwayo, muna da ɗan wasan barkwanci, wannan ƙaninsu ne. Abin da sunan ke nunawa ma ba baƙo ba ne. Yaran da ke tashe da azumi, wannan ya manna gemun auduga ya duƙa da sanda ya zama tsoho, wancan ya rataya jaka ya zama mai magani, me suke yi in ba wasan hali ba? A tatsuniya, kishiyar uwa da 'yar mowa ba sa bukatar suna, halinsu ne sunansu. Mun daɗe da abin a gida.

Na kai maganar gaban malamin da ya koyar da ni adabi, ya kawo gyara biyu, kuma dukkansu masu nauyi. Ya ce hali a Hausa yana nufin dukiya, masu hali su ne masu kuɗi, yana kuma nufin yanayi, kamar a ce halin da ake ciki, don haka me zai hana a ce halayya? Allah ya gafarta Malam, na karɓi tsoron, amma kalmar wasa da ke gabanta ta tsare ƙofar. Ba wanda zai ji wasan hali ya zaci wasan attajirai. Halayya kuma ta yi tsawo, ta fi kama da harshen takarda, ni kuwa so nake mai sayar da kati da mai kallo a ɗaki su iya faɗa ba tare da sun ji kamar suna aji ba. Wanda ya ga dama ya rubuta halayya a kundin bincike, ba a yi asara ba.

Gyara na biyu ya fi tsaya mini. Malam ya ce idan hali zanen dutse ne, ashe muna cewa halin da take fitowa da shi nata ne, ba ya kankaruwa. Wannan ciwo ne na gaske a sana'ar. Matan da ke fitowa a mugunta sun sha ba da labarin yadda ake kallonsu a kasuwa da gidan biki, kamar su ne suka raba auren da aka raba a fim. Akwai kuma ɗaurin da masu shirya fim ke yi wa mutum: ka yi kyau a abu ɗaya, shi ke nan an rufe ka a ciki. Hattie McDaniel ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940, a daren da aka ware mata teburi can gefe saboda launin fatarta, kuma kusan duk rayuwarta fitowar 'yar aikin gida ake ba ta. Amsata ga Malam ita ce, shi ya sa na dage sai kalmar wasa ta zauna a tsakiya. Da a ce mai hali muka ce, ko jarumar hali, da mun manna mata shi a goshi. 'Yar wasan hali kuwa yana tuna wa mai ji cewa wasa take yi da halin, idan an tashi daga lokeshan ta tuɓe shi ta tafi gidanta.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan suna kawai? Ku tuna muhawarar da ta tashi a 2022, bayan hirar da BBC Hausa ta yi da Ladin Cima, kan abin da ake biyan dattawan mata a masana'antar. An yi ta musu, wasu suka goyi bayanta, wasu masu shirya fim suka kare kansu. Ni abin da na lura da shi a lokacin, har masu tausaya mata da harshen taimako suke magana, a taimaka wa iyayenmu. Kaɗan ne suka yi maganar ƙwarewa da ladanta. Muddin jaruma ce kaɗai kalmar da muke da ita, to ma'auni ɗaya ne, kuma duk wadda ba ita ke jan fim ba za a riƙa ganinta a matsayin jarumar da ba ta kai ba, ko wadda zamaninta ya wuce. Da za a ce wance 'yar wasan hali ce ta shekara talatin, an faɗi gwaninta, kuma gwani ana yin ciniki da shi. Masu shirya gasar finafinan Hausa ma za su samu sunan da za su buɗe wa rukuni.

Na gwada shi a jimla don in ji ko yana tafiya. Ana neman 'yar wasan hali da za ta fito a uwar miji a wani shiri mai dogon zango. Ta bar fitowa a jaruma ta koma wasan hali. A dandamali ta koyi wasan hali kafin ta shiga talabijin. Duka ukun sun zauna mini daram, harshe bai yi tuntuɓe ba.

'Yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke rubuta ƴ mai ƙugiya, naku zai zama ƴar wasan hali, furucin dai ɗaya ne. Idan akwai wata kalma da tsofaffin 'yan wasan rediyo da dandamali na wajenku ke amfani da ita, don Allah ku kawo ta mu auna su tare. Kafin nan, ni daga yau haka zan riƙa rubutawa, kuma da sunan Daso zan fara.