Ƙaramar tanka a tsaunukan Ladakh, kan iyakar Indiya da China: buƙata ce ko asarar kuɗi?

Kanar: Ni a ganina, kuɗin da Indiya ke zubawa a Zorawar, tankar nan mai tan 25 da hukumar binciken tsaro ta ƙasar, DRDO, da kamfanin L&T suka nuna a Yulin 2024, gara a sayi jirage marasa matuƙi da su. Siririn sulke ba ya kare kowa yanzu. Ai manyan tankoki T-72 da T-90 ma an kai su Ladakh bayan rikicin Indiya da China a kwarin Galwan na 2020.

Injiniya: An kai su, ranka ya daɗe, amma da ƙyar suke numfashi. A tsayin mita 4,500 kaurin iska bai fi kashi 65 cikin 100 na bakin teku ba. Injin da babu turbo, wato na'urar cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa duk mita 300. Turbo na cike giɓin, sai dai yana ƙara gudu da zafi. Lagireto kuma ba ya samun isasshiyar iskar huce ruwa, ga ruwan na tafasa tun wajen digiri 85. To, ɗora wa wannan injin tan 46 na T-90 a hawa.

Makanike: Ga sanyi, Yallaɓai. Dizal ya yi kauri ya toshe filta, batir ya mutu, dole a riƙa tayar da inji cikin dare. Wannan dai duk biyun yana ci, ƙaramar tanka da babba. Inda suka bambanta, ƙananan gadoji da kwanar hanyar dutse.

Kanar: Igwar Zorawar milimita 105 ce fa, ta T-90 kuwa 125.

Malama: Abokiyar karawarta ita ma 105 ce, wato Type 15 ta China, mai tan 33 zuwa 36. Kuma a 1948 ƙananan tankokin Stuart ne suka buɗe mashigar Zoji La, a 1962 kuma AMX-13 aka ɗauko a jirgi zuwa Chushul.

Kanar: Wancan zamanin babu jirage marasa matuƙi da ke faɗo wa tanka daga sama, Malama. Ƙara mata sulke da keji a rufi, nauyi ya dawo. Haka M10 Booker ta Amurka ta kusa tan 40, aka soke ta a 2025.

Injiniya: Wannan haɗarin gaskiya ne. Shi ya sa sulken ya kamata ya zama na ɗaurawa da kwancewa: a hau da ita babu shi, a ɗaura a fagen daga. Rufin da kake tsoro kuwa, na T-90 ma siriri ne.