Neman kalma: me za mu kira "materials science" da Hausa?

Mai tambaya, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa shirin rediyo kan binciken da jami'o'i ke yi don amfanin masana'antu, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Fanni ne da ke binciken abin da ya sa ƙarfe ke lanƙwasa amma gilashi ya fashe, da yadda za a gyara halin abu kafin a yi wani abu da shi. Masana kemistiri da fizis da injiniyoyi ne ke taruwa a kai, kuma ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, haɗe da ilimin ƙarafa. Aro ba zai yi ba. Ka shiga Kasuwar Gumi ka ce "matiriyal", yadi za a ɗauko maka. Na rubuta "kimiyyar kayayyaki" amma raina bai kwanta ba.

Malamar Hausa, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Gaskiyarka Malam, kayayyaki ya yi faɗi, mai sauraro zai zaci farashin masarufi za a karanto. "Kimiyyar sinadarai" kuma tuni kemistiri ya riƙe ta. Me zai hana "kimiyyar ma'adinai"?

Ɗalibin injiniya, Samaru: Malama, a gafarce ni, ma'adinai abin da aka haƙo ne, kamar tama da kuza da farar ƙasar Ƙanƙara. To ina za mu sa roba da leda da fata da zaren auduga? Har tokar ɓuntun shinkafa muna gwadawa a cikin siminti saboda silikar da ke cikinta, wato sinadarin da ake samu a yashi. Ni "kimiyyar kayan ƙira" nake so. Ai ƙira ta wuce maƙera, muna cewa mota ƙirar Peugeot, wadda aka fara haɗawa a nan Kaduna a 1975.

Maƙeri, Panteka: Yaro, ka yi ƙoƙari, amma idan ka zo rumfata ka ce in nuna maka kayan ƙira, uwar maƙera zan nuna maka da masaba da awartaki da zugazugi. Su ne kayan ƙira. Ƙarfen da ake bugu ba ya cikinsu.

Sannan Malam mai tambaya, don Allah a sa maganar tukwane a shirin. Maƙwabtana suna narka gwangwanayen lemo da tsofaffin sassan inji, su zuba a cikin yashin da aka danna da siffar tukunya. Wani zubin ya fito sumul, wani ya fito da 'yan ramuka kamar an tsattsaga da allura, a yi asarar gawayi da wuni guda. Mun san idan yashin ya jiƙe da yawa haka na faruwa, amma wane tarkace ne ya dace a gauraya da wane, da ido da sabo muke yi. In akwai masu karatun wannan a Zariya, kilomita 80 ne kawai tsakaninmu.

Ɗalibin injiniya: Baba, na karɓi gyara. Kuma abin da ka faɗa shi ne ainihin fannin. Ramukan nan iskar da ta maƙale ce lokacin da narkakken ke daskarewa. Wani abin ma ya fi damuna: muna cewa "tukunyar dalma", alhali alminiyam ce, mai narkewa a digiri 660 na ma'aunin Celsius. Dalmar gaske a 327 take narkewa, kuma guba ce. Idan ta biyo tarkace ta shiga tukunya, tana iya sauka a abinci, musamman mai tsami. Suna ɗaya ya rufe abubuwa biyu, mai saye bai san ya tambaya ba.

Malamar Hausa: Wannan ya sa na koma tunanin magina. Kakanninmu sun haɗa katsi daga marina da gashin jima da dafara suka sami laso, suka shafe soro ruwa bai shiga. Suka jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa don ƙarfafa daɓe. Ba ƙira ba ce, ba haƙa ba ce, sarrafawa ce. Maƙeri na sarrafa ƙarfe, majemi na sarrafa fata, masaƙun Kakuri, tun daga masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta 1957, auduga suka sarrafa. Ina ba da "kimiyyar kayan sarrafawa".

Maƙeri: Hajiya, wannan ta shiga kunnena. In aka ce kayan sarrafawa, tarin ƙarfen da ke bayan rumfata nake gani.

Mai tambaya: Ta ɗan yi tsawo a baki, kuma na san wani zai iya jin ta kamar injinan sarrafawa ake nufi. Zan kauce wa hakan da jimla ɗaya a farkon shiri: ƙarfe, yumɓu, gilashi, roba da fata, abubuwan da ake sarrafawa su zama kaya. Da ita zan shiga situdiyo. Baba, in ka amince zan zo Panteka da rikoda ranar Asabar da hantsi, a nuna mini zubin tukunya tun daga danna yashi. Ɗan'uwa na Samaru, ka taho mu je tare, ka ɗauki gutsuren da ya yi ramuka ka kai ɗakin gwajinku.